Ragon da Ya Tafi Dundaye

A unguwar Runjin Sambo da ke Sakkwato ba a tambayar sana'ar Sahabi, sai dai a tambayi wadda yake yi a wannan watan. Ɗan mahautan Ƙofar Taramniya ne. Kakansa mahauci, ubansa mahauci, wansa Salihu ma yana nan har yau da teburinsa da wuƙaƙensa. Shi kaɗai ne ya tashi ya ce yanka da fiɗa aikin mutanen da ne, kansa ya fi ƙarfin tebur.

Ya yi kiwon kaji, zafin bazara ya kwashe su. Ya koma sayar da ƙanƙara, aka ɗauke wuta, ya wayi gari yana tallan ruwan ɗumi. Ya taɓa buɗe wurin koyar da tuƙi da motar aro, alhali shi kansa bai iya ribas ba. Katangar da ta shaida hakan har yanzu ba a gama gyaranta ba.

Abin da ya raba shi da sauran masu faɗuwa shi ne ba ya kwana da baƙin ciki. In abu ya rushe masa da safe, kafin la'asar ya yi wanka, ya karya hula, ya fito teburin mai shayi yana ba mutane shawara.

"Ku kun cika tsoron kuskure," yakan ce. "Ni makaranta na ɗauke shi. Duk unguwar ga babu wanda ya kai ni zurhin karatu."

"To yaushe za a yaye ka?" in ji Arzika mai walda.

"Gaggawar mi ni ka yi? Sai na zauna kowane aji."

Katanga ɗaya ce ta raba gidansa da na Malam Filibus, malamin lissafi a wata sakandare, mutumin Filato da ya daɗe a Sakkwato har zafin garin ya daina ba shi mamaki. 'Yarsa ta fari, Lydia, za ta auri wani ma'aikacin jinya mai suna Isaac, dangin ango kuma za su taso tun daga Jos. Malam Filibus ya daɗe yana tanadi, ya je kara, kasuwar dabbobi, ya sayo rago fari, ƙato, wanda in ya yi kuka sai kajin layin su yi shiru. Niyyarsa ya kira Salihu ya banƙare shi a jikin itace gefen wuta, yadda ake yi da Babbar Sallah.

Sai Sahabi ya ga wani bidiyo a wayarsa. Rago ne a soke a jikin ƙarfe, yana juya kansa bisa garwashi, babu mai taɓa shi. Bai gama kallo ba ya zura takalmi ya yi sallama a gidan maƙwabcinsa.

"Malam Filibus, baƙi za su taso tun daga Jos, ka nuna musu rago jingine ga icce kamar wanda anka kama da sata? Duba nan."

Malam Filibus ya gyara tabarau ya duba. "Wannan a wace ƙasa ce?"

"Ƙasar ba ta da muhimmanci. Ƙarhe ne da inji. Mu ma muna da ƙarhe, muna da inji."

Rahila, matar Malam Filibus, tana tsintar shinkafa a gefe. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Malam Sahabi, ka taɓa yin irinsa?"

"Maman Lydia, wanda ya hwara yin shi ma bai taɓa yi ba."

"Ragon guda ɗaya ne fa."

"Injin ma guda ne. Kin ga sun dace."

Malam Filibus yana iya korar ɗalibi daga aji da ido kawai, amma bai iya ce wa Sahabi a'a ba. Shekarar da Rahila ta kwanta asibiti, matar Sahabi ce ta riƙe masa yara, Sahabi kuma ya yi ta safa da marwa da kwanon abinci. Ya kalli matarsa, ya kalli ragon, ya ce, "To, a gwada tukuna mu gani."

A kunnen Sahabi wannan amincewa ce har da sa hannu.

Injin da yake nufi na matarsa Ashatu ne, injin markaɗe, wanda da shi take niƙa wa unguwa wake da tattasai, da shi kuma ake ɗora tukunya a gidan duk lokacin da sana'ar maigida ta tafi hutu. Ta fito daga ɗaki ta same shi tsugune yana kwance kusoshinsa.

"Baban Adawiyya, mi ka kai?"

"Aro."

"Wa ka tambaya?"

"Ga shi kin hito, ina tambaya."

"Ban ba ka ba."

"Ashatu, injin ga tun da anka saye shi wake kawai ya sani. Ki bar shi ya ga duniya."

"Firjin da ka ce ya ga duniya, yanzu kaji ka ƙwai cikinai."

"Wancan ya wuce. Ke matsalarki riƙo."

Ta tsaya riƙe da ƙugu har ya ɗora injin a baro ya tura. Da ya kai zaure ta ɗaga murya ta ce, "Yadda ya hita da rai, haka za shi dawo."

Arzika ya yi aikin walda yadda aka ce masa, bai ƙara ba, bai rage ba. Ƙafafu biyu na ƙarfe, dogon rodi a tsakani, rabin ganga a ƙasa don garwashi, sai bel da ya haɗa rodin da injin. Da aka tambaye shi ko abin zai yi aiki, ya ce shi walda aka ce ya yi.

Gwajin farko da kabewa aka yi shi, a ƙofar shagon Arzika. Sahabi ya soke ta, ya ja igiyar injin. Kabewar ta yi wata ƙara kamar fanka, sannan ta watse. Rabi ya sauka a kan burodin mai shayi, sauran ya rarrabu a rigunan masu kallo.

Sahabi ya share fuska. "Madalla. Yanzu mun gane kabewa ba ta da ƙashi. Abin ga na mai ƙashi ne."

Washegari ya sayo kaza, aka yanka, aka fige, ya ɗaure ta da waya. Wannan karon masu kallo sun ja baya har bakin kwata. Ya ja igiya, hayaƙi ya turnuƙe, da ya lafa sai ga rodi yana ta juyi shi kaɗai. Aka duba cikin ganga, aka duba bayan shago, aka hau rufin kwano. Har yau ba a ga kazar nan ba.

"To?" in ji mai shayi.

"To mi? Kaza tsuntsuwa ce, tashi halinta ne. Ka taɓa ganin rago da hiffike?"

Da Malam Filibus ya tambayi yadda gwaji ya kasance, Sahabi ya ce an yi har sau biyu, kuma kowanne ya ba da sakamako. Malam Filibus ya ji kalmar sakamako, hankalinsa ya ɗan kwanta.

Ranar Asabar, bayan an ɗaura aure a coci, aka dawo filin da ke ƙarshen layi, dab da titin da ya miƙe zuwa Dundaye. An kafa rumfuna, an jera kujeru. Matan zumunta na coci sun zauna a gaba da zannuwansu iri ɗaya, sababbi fil. A babban tebur ga amarya da ango, ga iyaye, ga kawun ango, Baba Victor, tsohon soja mai gashin baki, wanda tun da ya sauka daga mota yake cewa zafin Sakkwato bai kai na wani daji da ya taɓa kwana ba.

Salihu ne ya yanka ragon da safe ya feɗe. Da ya ga injin ƙaninsa, ya zagaya shi sau ɗaya, ya ɗauki kujerarsa ya kai ta can bayan motoci. Rahila kuwa ta kwashe kai da ƙafa da kayan ciki ta shige gida da su.

Sahabi ya fito cikin farar rigar da ya aro a wurin mai kemis. Ya karɓi abin magana daga hannun mai gabatarwa ba tare da an miƙa masa ba.

"Jama'a, baƙinmu na Jos, sannunku da zuwa. Abin da za ku gani yau, ko Kano ba su gan shi ba. Ni Sahabi na hwaɗi a sana'a ya hi a ƙirga, amma ban taɓa zama ina kuka ba. Ga amfanin haka nan gabanku."

Ya naɗe igiya ya ja. Injin ya yi tari ya yi shiru. Ya sake ja da ƙarfi, igiyar ta zame, ya tafi da baya ya zauna daram cikin bahon lemo da ƙanƙara. Ya miƙe, ruwa na zuba daga wandonsa, ya ce wa mutanen kusa, "Da ma ina jin zahi." A ja na gaba injin ya kama.

Abin mamaki, sai ga rago yana juyi. Nauyinsa ya danne injin, yana tafiya a hankali, cikin natsuwa, kamar a bidiyon. Kitse ya fara narkewa yana ɗiga a garwashi, ƙamshi ya tashi ya ratsa rumfuna. Matan zumunta suka rangaɗa guɗa. Mutanen Jos suka fito da wayoyi. Rahila da kanta ta leƙo, ta kalla, ta ce, "Hm." Salihu ya miƙo wuya daga bayan motoci.

Sahabi bai taɓa shiga wannan aji ba, na abu ya yi daidai. Ya rasa inda zai sa kansa. Ya zagaya injin, ya harɗe hannu, ya warware, ya gyara wuyan rigar kemis.

Baba Victor ya taso ya tsaya kusa, hannuwa a baya. "Ba laifi. Amma a haka sai yaushe za a ci? Iyakar gudunsa ke nan?"

"Wanga? Baba, wanga gaisuwa ce kawai ya ka yi."

Ya sunkuya ya ja maƙurar injin har ƙarshe.

Ragon ya yi juyi biyu da za a iya gani. Daga nan ba a ƙara ganin rago ba, sai wani farin abu mai kuka. Narkakken kitse ya fara fita a jere, ya bi sahun matan zumunta daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ya dawo. Iskar juyin ta hura garwashi, tartsatsi ya tashi, masu wayoyi suka watse. Injin kansa, da yake ba a kafe shi a ƙasa ba, ya fara tafiya da tsalle-tsalle, ya nufi babban tebur yana jan sauran kayan.

"Kashe shi!" in ji Malam Filibus.

"Shina daidaita kainai ne!" in ji Sahabi, yana bin injin a guje yana laluben makashinsa.

Baba Victor ya riga ya kwanta rub da ciki a bayan lasifika, yana ba da umarni kowa ya yi ƙasa. Ango ya rungume kek. A nan ne rodin ya yi tsalle daga kan ƙafafunsa, waya ta tsinke, ragon ya fice. Ya bi ta saman rumfar amarya, ya haye kwata, ya sauka tim a bayan wata a-kori-kura mai ɗauke da buhunan albasa, wadda ta rage gudu saboda taro. Direban bai ji komai ba. Ya ga hanya ta buɗe, ya taka mota.

Injin ya ƙarasa cikin kwata, ya yi tari biyu, ya mutu.

Rahila ta fito da ludayi a hannu, ta kalli rodin da ke kwance a ƙasa.

"Baban Lydia, ina ragonmu?"

Malam Filibus ya cire tabarau, wanda kitse ya rufe. "Ya tafi."

"Ina?"

"Hanyar Dundaye ya bi."

Sahabi ya riga ya tare ɗan kabu-kabu, ya haye bayan babur ɗinsa. Suka bi motar, farar riga na kaɗawa, yana ta ihu a tsaya, mutanen gefen titi suna ba su hanya don sun ɗauka likita ne ke sauri. Ba su cim mata ba sai a Dundaye, a gindin wata bishiyar dogonyaro. Direban, wani dogo mai suna Siddiƙu, yana tsaye da manoma biyu, sun kewaye ragon suna kallo. Wuƙa na hannun Siddiƙu, cinya ɗaya kuma ta riga ta bar jikin ragon.

"Salamu alaikum. Ragona ne."

"Wa alaikumus salam. Mi as shaidarka?"

"Dubi rigata. Kitsenai ne."

Siddiƙu ya dubi rigar, ya dubi ragon. "Malam, tun sahe ni ka roƙon Allah nama. Na buɗe bayan mota na ishe shi, har an hwara gasawa. Yanzu ka ce min kai ka aiko?"

"Ban aiko ba. Tahowa ya yi."

"Da ƙahwa?"

"Ta sama."

Manoman suka kalli juna. Ɗaya ya ce ai ko a kotu wannan magana sai an zauna. Sahabi ya kwashe labari tun daga bidiyo har zuwa kwata. Da ya zo kan ragon bikin 'yar maƙwabci ne, kuma shi kaɗai ne, Siddiƙu ya sauke wuƙa.

"Ɗauki abinka. Amma cinyar ga ta zauna. Ban ɗaukar hwasinja kyauta."

Aka naɗe ragon a buhun albasa, Sahabi ya rungume shi a bayan babur. A hanyar dawowa ne abin da bai saba ji ba ya same shi. Kaji nasa ne, ƙanƙara tasa ce, amma wannan ragon Malam Filibus ne, kuma ya ga fuskar mutumin lokacin da yake cire tabarau a gaban surukansa. Ya lalubi maganar da zai faɗa in ya isa, irin wadda kullum take zuwa masa tun kafin ƙura ta lafa, bai samu ko ɗaya ba. Da suka hango rumfuna sai ya ji tashar mota ma ba ta da nisa, kuma yana da ɗan'uwa a Illela.

"Malam, in wuce ko in tsaya?" in ji ɗan kabu-kabu, don ya ji yadda fasinjan ya lafe a bayansa.

Sai da suka kusa gota filin Sahabi ya ce, "Tsaya."

Ya sauka rungume da buhun. Mutane na cin shinkafa da ɗan farfesun kayan cikin da Rahila ta raba da ƙyar. Cokula suka tsaya. Ya ratsa ta gaban matan zumunta, kowace da layin kitse a ƙirji, ya isa babban tebur, ya ajiye buhun, ya durƙusa.

"Malam Filibus, na ɓata maka biki. Abin shina tahiya daidai, ni na ja maƙurar. Babu ruwan inji, babu ruwan Baba."

Mutanen unguwa suka jira sauran jawabin, wanda suka haddace. Bai zo ba.

Malam Filibus ya buɗe buhun ya duba. "Ina cinya ɗaya?"

"Kuɗin mota."

Malam Filibus ya daɗe yana kallon ragon, ɓawon albasa manne a jikinsa ko'ina. Sannan ya mayar da tabarau. "Uku bisa huɗu ya dawo. A ajina wannan an ci jarrabawa."

Lydia ce ta fara fashewa da dariya, har mayafinta ya zame, daga nan filin ya ɗauka. Rahila kaɗai ba ta yi ba.

"Tashi, Malam Sahabi," in ji Rahila. "Garwashi bai mutu ba. Ka gasa abin da ya rage. Da hannu."

Salihu ya taso daga bayan motoci, ya miƙa masa wuƙa ta wajen ƙota. Sahabi ya daɗe rabonsa da ita. Yankan farko ya karkace, na biyu ma haka, amma daga nan hannun ya tuna gidan da ya fito. Aka wanke naman, aka ɗora raga a kan rabin gangar, ya yi ta yanka yana barbaɗa yaji da ƙuli, yana juyawa, gumi na zuba, bakinsa a rufe. Mutanen Runjin Sambo sun ce ba su taɓa ganin ya yi shiru mai tsawon haka ba, har wasu suka zo kusa don su tabbatar.

Naman ya isa kowa, ko da yake ba a ƙoshi ba. Baba Victor ya cinye nasa, ya lashe yatsu, ya ce rabonsa da nama mai laushi haka tun yana bariki.

Sahabi ya ɗago. Ya goge hannu a rigar kemis. Kafaɗunsa suka fara komawa inda suke.

"Tahiyar ce, Baba. Nama in ya sha iska, ya kwanta cikin albasa, ya ji girgizar mota, dole ya yi taushi. Ni da ma na daɗe ina tunanin..."

Ya miƙa hannu wajen abin magana. Malam Filibus ya riga shi, ya zare wayar daga jikin lasifika, ya naɗe ta, ya sa a aljihu.

Da safe Sahabi ya fito tsakar gida ya tarar da robobi a jere tun daga bakin zaure, na wake, na tattasai, na gero jiƙaƙƙe. Injin na gefe a kwance, ruwan kwata na ɗiga daga cikinsa. Ashatu ta mirgino turmi ta tsayar a gabansa, ta ɗora masa taɓarya a hannu.

"Masu ƙosai na jira. Sai Arzika ya tada wancan, kai ne inji."

Bai yi musu ba. Ya zuba wake, ya fara daka. Ya yi kamar goma, sai ya tsaya, ya ɗaga taɓaryar, ya auna nauyinta, ya kalli reshen darbejiyar da ke saman turmin.

"Ashatu, kin san taɓaryar ga, in anka ɗaura mata igiya ta bi ta reshen can..."

"Daka," in ji Ashatu.